Yadda Ake Zaɓen Adda Don Sharar Hanya Da Masauki A Daji

Damina ta ja baya, kaka ta kunno kai. Duk wanda ya fita bayan gari a wannan lokaci ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Turbar da muke bi da rani ko babu fitila, yanzu gamba da ƙyasuwa sun rufe ta ruf, ƙaya ta toshe dama da hagu. Ga kuma amfanin gona yana jiran a kwaso shi. Idan hanya ba ta buɗu ba, jaki ba zai wuce da kaya ba, balle amalanke. Shi ya sa a ƙauyuka da yawa mai unguwa kan sa a yi shela, matasa su fito aikin gayya.

Ba hanya kaɗai ke bukatar shara ba. Manomin da gonarsa ke da nisa yakan kafa bukka ya tare can har a gama girbi. Makiyayi yakan sauka da dabbobinsa a sabon wuri. Haka masunta da mafarauta. Kowanensu sai ya share wuri kafin ya shimfiɗa tabarma. Abin aikinsu duka ɗaya ne, wato adda.

Mutane da yawa idan sun je sayen adda abu biyu suke dubawa, girmanta da arahar kuɗinta. Daga baya sai ka ji ana kuka, ko baki ya ɓalle, ko ƙota ta fita, ko kafaɗa ta riƙe tun hantsi bai yi ba. Adda ta ƙwarai ita ce wadda ta dace da irin dajin da za ka shiga, ta kuma dace da ƙarfin hannunka. Ga yadda za ka gane ta.

Fara Duba Dajin Kafin Ka Je Kasuwa

Kafin ka taɓa aljihu, je ka ga wurin da za a share da idonka. Me ya fi yawa a wurin?

Idan ciyawa ce da yaɗo, irin su gamba da tofa da ƙyasuwa, to adda doguwa mara nauyi kake bukata. Ciyawa ba ta son ƙarfi, sauri take so. Adda mai nauyi kwantar da ita kawai za ta yi, ba ta yanke ta ba.

Idan ƙananan itatuwa ne, irin su sabara da geza da kalgo, waɗanda kaurinsu bai wuce tsintsiyar hannu ba, to nemi adda matsakaiciya mai ɗan kauri, wadda nauyinta ya taru wajen kai.

Idan ƙaya ce ta yi yawa, irin magarya da farar ƙaya da sarƙaƙiya, tsawo ya fi komai amfani, domin shi zai nisanta hannunka daga ƙaya.

Idan kuwa itace ne da ya kai kaurin cinya, ko busasshiyar ƙirya ko marke, wannan ba aikin adda ba ne. Aikin gatari ne. Yawancin addunan da bakinsu ya ɓalle, sa su aikin gatari aka yi.

Wannan doka ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A Kudancin Amurka, inda ake yawan saran ciyawa da rake, addarsu doguwa ce siririya. A Kenya da Tanzaniya suna da wadda suke kira panga, mai faɗin kai, don saran itace. A Maleshiya, ƙasar kurmi, suna da parang, mai kaurin baya. Kowace ƙasa dajinta ne ya tsara mata addarta.

Tsawo Da Nauyi

Ana auna tsawon adda daga inda ƙota ta ƙare zuwa tsini. A kasuwa za ka samu daga inci 12 har zuwa inci 24 ko fiye.

Gajera, mai inci 12 zuwa 14, tana da sauƙin ɗauka. Ta dace da aikin cikin masauki, kamar fere turaku, faskara ƙananan itacen wuta da gyaran bukka. Amma ga sharar hanya za ta sa ka yini a sunkuye, bayanka ya yi ciwo, hannunka kuma yana kusa da ƙaya da maciji.

Doguwa, mai inci 22 zuwa 24, tana share ciyawa da yawa a sara ɗaya. Amma cikin sarƙaƙiya ba ta samun wurin juyawa, kuma tana gajiyar da wanda bai saba ba.

Wanda adda ɗaya kawai zai iya saya, ya nemi mai inci 18. Wannan shi ne kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen dogon yatsa. Ba sai ka je da ma'auni ba, hannunka ya isa. Irin wannan tana yin ciyawa, tana yin ƙananan itatuwa, tana kuma yin aikin masauki.

Game da nauyi, adda mai kamu ɗaya ta aikin ciyawa takan kai wajen rabin kilo. Kaurin bayanta kamar na tsinken ashana ne, wato milimita 2. Ta saran itace takan fi haka kauri kaɗan. Ka tuna ba sau goma za ka ɗaga ta ba, sau dubbai ne a yini. Nauyin da ba ka ji ba a gaban mai kanti, za ka ji shi da azahar. Yaro matashi da dattijo kada su ɗauki irin ta ƙato don gudun a ce sun gaza. Hannun da ya gaji shi ke kuskuren sara.

Ƙarfen Adda

Ingancin adda yana cikin ƙarfenta, kuma ido kaɗai ba ya gane shi. Abu biyu ke sa ƙarfe ya yi kyau.

Na farko, irin ƙarfen. Ƙarfen da ke riƙe kaifi shi ne wanda aka haɗa da ɗan sinadarin kabon, wato irin sinadarin da ke cikin gawayi. Irin wannan yana tsatsa idan an bar shi cikin laima, amma yana wasuwa da sauƙi, yana kuma jure duka. Akwai wani mai ƙyalli irin na cokali wanda ba ya tsatsa. Yana da kyan gani, amma masu araha daga cikinsa ba su cika riƙe kaifi ba, kuma suna da wuyar washi. Don aikin daji, baƙin ƙarfe mai tsatsa ya fi.

Na biyu, yadda aka gasa shi. Bayan an ƙera adda, akan gasa ta har ta yi ja, a tsoma ta cikin ruwa ko mai don ta yi tauri. Daga nan a sake ɗumama ta kaɗan don taurin ya sassauta. Idan taurin ya yi yawa, baki zai riƙa ɓallewa kamar fasasshiyar kwalba. Idan bai isa ba, baki zai riƙa lanƙwashewa, ka wasa yanzu, an jima ta dakushe.

Ta Kanti Ko Ta Maƙera?

Kowace tana da nata amfani. Ta kanti ba ta da nauyi, kuma kaurinta daidai yake daga farko har ƙarshe. Wadda aka fi sani a ƙasashenmu ita ce mai tambarin kada, ta kamfanin Ralph Martindale da aka kafa a birnin Birmingham na Ingila a 1874. Akwai kuma ta kamfanin Tramontina na ƙasar Brazil. Sai dai tambari kaɗai bai isa shaida ba, domin kayan jabu sun yi yawa. Ko wane suna aka rubuta a jikinta, sai ka gwada.

Ta maƙera kuwa, idan maƙerin ya yi ta da sifirin na mota, to ka samu ƙarfe mai kyau, domin an yi sifirin ne don ya lanƙwasa ya dawo. Takan fi ta kanti nauyi, saboda haka ta fi dacewa da saran itace. Wani amfaninta shi ne za ka iya faɗa wa maƙeri tsawo da nauyin da kake so, in ta sami matsala kuma ka san inda za ka koma. Amma ka tambaye shi da wane ƙarfe ya yi ta. Idan da ƙarfen ganga ne ko rodin gini, ba za ta riƙe kaifi ba.

Ƙota

Mutane sukan manta da ƙota, alhali ita ce ke hannunka duk yini. Duba waɗannan abubuwa.

Ƙarfen addar ya shige cikin ƙota har ƙarshenta. Wadda ƙarfenta ya tsaya a rabi, wata rana za ta fita ta bar ka da itace a hannu, ita kuma ta tashi ta sami na kusa da kai.

Ƙusoshin da suka riƙe ƙota su zama uku, ko aƙalla biyu, a daddanne sosai, babu wanda kansa ya fito da zai ci maka tafin hannu.

Ƙarshen ƙota ya zama da ɗan tudu ko lanƙwasa, don ya tare hannu idan gumi ya sa santsi.

Kaurinta ya cika maka hannu. Siririyar ƙota tana sa ka damƙe da ƙarfi, hannu ya yi bororo. Idan ta yi maka siriri ko santsi, yanko robar tayar keke ka naɗe ta tam.

Gwaji Biyar Kafin Ka Biya Kuɗi

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka ji kunyar mai kaya, kuɗinka ne.

1. Ɗaga ta daidai idonka, ka kalli bayanta daga ƙota zuwa tsini. Ta zama a miƙe. Karkatacciyar adda tana goce wa itace ta nufo ƙafa.

2. Riƙe ta da yatsu biyu a ƙota, ka ƙwanƙwasa ta da wani ƙarfe. Mai kyau takan yi amo mai tsawo. Idan ƙarar ta mutu nan take, ko ka ji kaf-kaf, wataƙila akwai tsaga ko ƙota ba ta zauna ba.

3. Dafa tsininta a kan itace, ka ɗan lanƙwasa ta kaɗan, ka saki. Ta dawo yadda take. Idan ta tsaya a lanƙwashe, ƙarfen ya yi taushi. Wannan gwaji na siririyar adda ne, mai kauri ba ta lanƙwasuwa da hannu.

4. Goga magagari a bakinta sau biyu ko uku. Idan ya ci ta da sauƙi kamar kana goga dalma, ta yi taushi. Idan ya zame bai kama ba sam, ta yi tauri da yawa. Mai kyau magagari yana kama ta, amma sai ka ɗan danna.

5. Matsa gefe inda babu mutane, ka kaɗa ta sau goma kamar kana sara. Ka ji ko ƙota tana motsi, ko wuyan hannunka yana ɗaukar nauyin.

Idan ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ajiye ta, ko da an rage maka kuɗi. Addar da za ta yi maka shekara biyar ta fi wadda za ka saya sau uku a shekara araha.

Washi Da Adanawa

Yawancin addunan kanti ba sa zuwa da kaifi, kai za ka fitar mata da baki. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka yi wannan tun ana gobe aiki. Kafe ta a kan kututture, ka fara da magagari, kana tura shi gaba, hannunka yana bayan kaifi. Ka yi wa kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Sannan ka gama da dutsen washi da ruwa.

Bakin ciyawa siriri ake yi. Bakin itace kuwa a bar masa ɗan kauri don kada ya ɓalle. Ka bar kamar faɗin yatsu huɗu kusa da ƙota ba washi, saboda ranar da hannu zai zame.

Idan ka kai wa mai injin washi, ka sa ido. Injin yana zafafa ƙarfe. Da zarar ka ga baki ya koma shuɗi, taurin wurin ya mutu. Ka ce ya riƙa tsoma ta a ruwa akai-akai.

Bayan aiki, goge ta ta bushe, ka shafa mata ɗan mai, ka rataye ta inda yara ba sa kai wa. Ka sa baduku ya ɗinka mata kube, ko ka naɗe ta da buhu. A wannan zamani na rashin tsaro, kada ka ratsa kasuwa ko tasha da adda tsirara a hannu.

Sharar Hanya

Ka samu sanda mai ƙugiya a ɗaya hannun. Da ita za ka riƙa janyo ciyawa da ƙaya, da ita kuma za ka riƙa bubbuga gabanka kafin ka taka. Kada ka sa hannu cikin duhuwar da idonka bai ga ƙasanta ba.

Ka sari itace a karkace, ba a tsaye sak ba. Saran karkace ya fi shiga. Ka tsaya yadda in addar ta goce ba za ta sami ƙafarka ba. Bayan itacen ya faɗi, koma ka daidaita kututturen dab da ƙasa. Kututture mai tsini a kan hanya tarko ne. Yana huda ƙafar yaro, da kofaton jaki, da tayar keke.

Wajen aikin gayya, a bar aƙalla taku biyar tsakanin mutum da mutum. Kada wani ya zo ta bayan mai sara ba tare da ya yi magana ba. A share faɗin da amalanke zai wuce da kaya, a kuma sare rassan sama da za su kama dami ko fuskar mai babur. Ƙayar da aka sare a tara ta gefe guda, za ta yi amfani wajen shinge. Amma kada a zuba ta cikin burtali. Toshe hanyar shanu yana cikin abubuwan da ke jawo rigima tsakanin manomi da makiyayi.

Sharar Masauki

Zaɓi wuri mai ɗan tudu. Kada ka sauka cikin kwari ko busasshiyar ƙorama, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa cikin dare. Kauce wa gindin itace mai busassun rassa. Ka nisanci tsohon suri da tarin duwatsu, domin maciji yana son ramukansu.

Ka share wurin kwana har ƙasa ta fito fili, ka ƙara da taku biyar ko shida kewaye da bukka. Maciji da kunama ba sa son fili, in sun fito ma za ka gan su. Wurin murhu a share taku uku ta kowane gefe, kada a bar ko tsinke. Da iskar hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye amfanin shekara. Kada ka ce za ka share masauki da wuta don gudun wahala. Ita wuta ba ta san iyakar gonarka ba.

Ba Kowane Itace Ake Sarewa Ba

Adda mai kaifi tana da daɗin aiki, har ta sa mutum ya sare abin da bai kamata ba. Ka bar gawo da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, ko da ƙanana ne. In suna bakin hanya, rage musu rassa kawai, ko hanyar ta ɗan kauce. In wurin gandun daji ne na hukuma, nemi izinin ma'aikatan daji tukuna.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun nuna amfanin haka. A 1983, a yankin Maraɗi, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa kowace bazara daga tsofaffin kututture suke fitowa, masu rai da saiwa mai zurfi. Sai aka fara abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a sare tsiron duka, manomi ya zaɓi mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya bar su, ya sare sauran, ya kuma rage musu rassan ƙasa. Ana saran reshe daga ƙasa zuwa sama da kaifaffiyar adda don kada ɓawo ya yage. Cikin shekaru ashirin da 'yan kai, an ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, yawanci a yankunan Maraɗi da Damagaram. Addar da ta share dajin, ita ce ta dawo da shi.

Idan Tsautsayi Ya Auku

Idan adda ta sari mutum, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. A wanke da ruwa mai kyau da sabulu. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai. Cikin ƙasa da kashin dabbobi ne ƙwayar cutar tetanus take, wadda ke sa muƙamuƙi ya datse, jiki ya sandare. A kai shi asibiti a duba ko yana bukatar ɗinki da allurar rigakafi.

Idan maciji ne, musamman kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a yankunanmu, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam da igiya. A cire zobe ko agogo kafin kumburi. A kwantar da shi, a ɗaure ƙafar ko hannun a jikin sanda don kada ya motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji ba tare da ɓata lokaci ba. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don masu saran maciji. Kafin a fita aikin gayya, yana da kyau a san asibiti mafi kusa da ke da wannan allura. Wanda yake da takalmin roba mai tsawo, ya sa shi.

Kammalawa

Ɗan'uwa, ranar kasuwa mai zuwa kada ka ce a miƙo maka babba, kada kuma ka ce a miƙo maka mai araha. Tuna irin dajin da ke jiran ka. Auna tsawonta da hannunka, ka duba ƙota, ka yi gwajin nan biyar. In ka dawo gida ka wasa ta tun da dare, ka yanko sandarka mai ƙugiya. In ka shiga daji, sare abin da ya tare hanya, ka bar abin da zai yi wa 'ya'yanka inuwa.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya sa a kwashe amfani lafiya.